Kula da Injin Lat: Tambayoyin Masu Sassaƙar Ƙarfe da Amsoshinsu

Lat shi ne injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi da wuƙa. Da yawa daga cikin injinan lat da ke aiki a wurare irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano sun girmi yaran da ke tsaye a kansu. Wasu ƙirar Ingila ne, irin su Colchester da Harrison, wasu kuma na Sin ne da suka shigo daga baya. Tsohon injin da aka kula da shi yakan fitar da aiki daidai da awo har yau, sabo kuwa yana iya lalacewa cikin 'yan shekaru idan aka bar shi da datti. Aiki ba shi ne ke kashe lat ba. Ƙura, garin ƙarfe da man da bai dace ba su ne ke cinye shi a hankali, kuma daidaiton da ya tafi ba ya dawowa da araha. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shago da masu koyo suka fi yawan yi.

Me ya kamata in yi wa injin kullum?

Da safe, kafin ka taɓa makunni, ɗauki tsumma mai tsabta ka goge hanyoyin gado, wato layukan nan masu santsi na doguwar shimfiɗar injin, waɗanda sirdi (ɓangaren da ke ɗauke da wuƙa) ke zamewa a kai. Sai ka goge tukuna za ka zuba mai. Wanda ya zuba mai a kan ƙurar da ta kwana ya haɗa wa gadon abin da zai ci shi ne da hannunsa. Bayan man, tura sirdin daga kan inji (akwatin da ke juya aiki) zuwa wutsiya (matokarin aiki da ke ɗaya ƙarshen) ka dawo da shi, domin man ya shiga ƙarƙashi. Leƙa gilasan duba mai na kan inji da na akwatin giya da na gaban sirdi, man ya kasance a tsakiyar gilashi. Bi ƙananan ramukan mai ɗaya bayan ɗaya da butar mai: na hannayen juyawa, na wutsiya, da na ƙarshen dogon sukurun tiredi, wanda aka fi mantawa da shi saboda yana can gefe. Daga nan ka bar injin ya juya a hankali na minti biyar zuwa goma ba tare da yanka ba, man ya fantsama ya kai ga boris.

Da yamma kuma a share sassaƙen ƙarfe da buroshi, dogayen a jawo su da ƙugiya, kada a sa hannu. A kwashe tiren ƙasa, a goge gado a shafa masa mai sama-sama, a mayar da sirdi can wajen wutsiya domin wurin da ya sha aiki ya fito fili a tsabtace shi. A cire makullin cok, wato mariƙin da ke damƙe aiki yana juya shi, a kashe wuta daga bango, a lulluɓe. Duka wannan bai wuce minti goma sha biyar ba.

Ina da kwamfuresa. Ba zai fi sauri in busa dattin da iska ba?

Zai fi sauri, amma kada ka yi. Iskar tana tura garin ƙarfe ƙarƙashin sirdi, cikin cok, da bayan murafen boris, inda tsumma ba ya kaiwa. Sama ta yi fes, ciki ya cika. Ga kuma idon mutum.

Wane mai ya dace da gado? Baƙin man mota ba zai yi ba?

Gado yana da mansa na musamman mai ɗan danƙo, wanda ke manne wa ƙarfe ba ya tsiyayewa. Kaurin da aka fi amfani da shi shi ne ISO 68, kamar Mobil Vactra No. 2 ko Shell Tonna 68. Idan ba a samu ba, man haidirolik mai lamba 68 zai riƙe ka, sai dai za ka riƙa zubawa akai-akai domin ba ya daɗewa a wurin.

An yi baƙin man mota ne da sinadaran da ke ɗaukar datti su riƙe shi a cikin man, har ya isa filta ta tace. Yawancin injinan lat ba su da filta. Abin da ake so a cikinsu shi ne dattin ya kwanta a ƙasan akwati ya zauna a can, kada ya yi ta zagaye yana ratsa boris. Sabon baƙin mai a kan gado ya fi babu, wannan gaskiya ne, idan rana ta ɓaci. Wanda aka juye daga mota kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, duk da na san shi ne mafi sauƙin samu a unguwar makanikai. Cike yake da garin ƙarfe da toka, kuma baƙinsa yana ɓoye maka halin da gadon ke ciki. A guji kuma man giyar mota mai warin farar wuta, domin wasu irinsa suna cin tagulla, alhali bushin da notin sukuru na lat da tagulla ake yinsu.

Giris fa? Ai ya fi mai daɗewa.

Daɗewar tasa ce matsalar. Giris yana kama duk ɓarɓashin da ya faɗo masa ya riƙe, sai ya koma kamar dutsen niƙa tsakanin sirdi da gado. Kada a sa shi a gado, kada a sa shi a sukurun tiredi. Akwai ma injinan da kawunan zuba mansu suka yi kama da na giris, kamar Myford ML7 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, amma mai ake tura musu da famfo. Mutane da yawa sun toshe hanyoyin man irin waɗannan injina da giris, bushin ya bushe ba su sani ba. Inda giris ke da amfani shi ne boris na moto, da giyoyin waje na gefen inji idan littafinsa ya ce haka.

Yaushe ake juyen man kan inji?

A shagon da ke aiki kullum, sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci, wata shida ya fi. Sabon inji kuwa a juye masa bayan 'yan makonnin farko, domin a lokacin ne giyoyi ke zubar da gari. Injin da ka saya na hannu, juye shi ran da ya iso, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya zuba.

A yi juyen bayan injin ya yi aiki man ya yi ɗumi. Buɗe murfin sama ka dubi ƙasan akwatin, ka kwashe laka da tsumman da ba ya barin zare, ka tabbata ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga boris a buɗe suke. Injina da yawa man haidirolik mara kauri suke so a kai, kamar ISO 32, akwatin giya kuma 68, amma farantin da ke jikin injin ko littafinsa shi ne alƙali. Kada a cika fiye da alama: man da ya yi yawa yana kumfa, ya yi zafi, ya ɓullo ta bayan cok. Idan man ya koma launin madara, ruwa ya shiga, sai a nemo ta inda ya bi.

Shagona ɗaki ɗaya ne, ga giranda ga ƙurar hunturu. Yaya zan yi?

A nan ne injina suka fi mutuwa. Garin da giranda ke fesowa ya haɗa da ɓarɓashin dutsen kansa, wanda ya fi ƙarfen gado tauri nesa ba kusa ba. Idan babu halin raba ɗaki, a juya girandar tartsatsinta ya nufi ƙofa, a rataya labulen tamfol a tsakani, a rufe lat duk lokacin da ba ya aiki. Haka idan za ka goge aiki da samfefa a kan injin, ko za ka sassaƙi ƙarfen kas, wato na zubi, mai fitar da baƙin gari: shimfiɗa takarda ko kwali a kan gado tukuna. Takarda ta fi tsumma a nan, domin idan cok ya kama ta yagewa za ta yi, tsumma kuwa naɗewa zai yi ya ja abin da ke kusa.

Ƙurar hunturu ba ta da sauti, amma yashi ce mai laushi, kuma tana son wurin da ke da mai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu goge gado sau ɗaya a rana ba ya isa. Sannan ka kwance 'yan murafen da ke kusurwoyin sirdi ka dubi magogin da ke ciki, na ƙyallen ulu ne ko na roba. Aikinsu share hanya kafin sirdi ya taka. Idan sun bushe sun cika da gari, su ma ci suke yi. A wanke na ulu da kananzir a jiƙa shi da mai, wanda ya mutu a yanka sabo. Abu ne na kuɗi kaɗan, amma na sha ganin manyan injina suna aiki babu ko ɗaya a jikinsu.

Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba. Leda tana tara gumi a ƙarƙashinta, don haka mayafin yadi mai kauri ya fi. Idan tsatsa ta fara, a jiƙa ta da kananzir a goge da soson ƙarfe mai laushi, sannan a shafa mai. Samfefa da giranda kada su kusanci gado da sunan cire tsatsa.

Aikina yana fita kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Injin ya mutu ke nan?

Sau da yawa a'a. Fara da gano ko da wutsiya abin ke faruwa ko babu ita.

Idan aikin a cok kaɗai yake amma yana tsukewa, mai yiwuwa gadon ne ya murɗe. Duk nauyinsa, ƙarfen kas yana bin ƙasar da aka ɗora shi a kai, kuma daɓen siminti yakan zauna bayan damina. Ana dubawa da lebur na injiniyoyi, mai nuna bambancin milimita 0.02 a mita guda, a ɗora shi a gicciye kusa da kai, sannan kusa da wutsiya. Karatun biyu su zo ɗaya. Lebur na magina ba ya ganin wannan. Wanda ba shi da irin wancan lebur sai ya gwada da yanka. Ɗaure sandar ƙarfe mai kaurin milimita 40 zuwa 50, ta fito kamar milimita 150 zuwa 200 daga cok, babu wutsiya. Rage tsakiyarta ka bar zobe biyu, ɗaya a gindi ɗaya a baki. Da wuƙa mai kaifi ka yi yanka ɗan siriri a kan zobban biyu ba tare da ka taɓa hannun gicciye ba, ka auna da maikiromita. Idan na baki ya fi kauri, ɗaga ƙafar gaba ta ɓangaren wutsiya da siririn ƙarfen ciko. Idan ya fi siranta, ta baya za ka ɗaga. Kaɗan-kaɗan, kana sake yanka kana aunawa.

Idan kuwa sai an sa wutsiya tsukewar ke bayyana, wutsiyar ce ta kauce. Tana da sukurori a gefe masu matsar da ita gaba ko baya. Idan aikin ya fi kauri ta ɓangarenta, jawo ta wajenka da rabin bambancin da ka auna. Kafin haka ɗaga ta ka goge ƙarƙashinta, domin ɓarɓashi guda ya isa ya karkatar da ita. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka fara da kwance notocin kan inji. Shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, kuma mayar da shi daidai aikin gwani ne.

Cok ɗina mai yatsu uku ba ya riƙe aiki a tsakiya.

Ko sabo ne, irin wannan cok yakan kauce da milimita 0.05 zuwa 0.1. Aikin da ke son fiye da haka na cok mai yatsu huɗu ne da agogon awo. Idan kaucewar ta wuce haka, fitar da yatsun gaba ɗaya, ka wanke su da faifan da ke tura su da kananzir da buroshi, ka mayar da su bisa lambobinsu: 1, 2, 3, kowanne a raminsa. Cire cok ɗin ma ka goge bayansa da hancin shaf har sai babu ko ƙwayar gari. Sa katako a kan gado kafin ka kwance shi, domin cok da ya suɓuce ya faɗa kan gado yana barin tabon da ba ya gogewa. A cok mai ɗaurin kamlok, wato wanda makullan hancin shaf ke riƙewa, alamar kowane makulli ta tsaya tsakanin alamun V guda biyu. Mai tiredi kuwa a kiyayi juya shi baya da gudu, yana iya kwancewa ya fito.

Sa bututu a kan makullin cok don ƙara ƙarfi yana buɗe bakin yatsu, daga nan sai su riƙa kama aiki da gindinsu kawai.

Injin yana karkarwa, aikin yana fita da zane-zane.

Duba wuƙa tukuna: kaifinta, tsayinta daidai da tsakiyar aiki, da yadda ta zaro daga mariƙinta. Idan duk lafiya, sai a koma ga gib, siririn ƙarfen nan da ke matse sirdin gicciye da ƙaramin na samansa. A matse sukurorinsa har girgiza ta tafi amma hannu na juyawa ba tare da ƙoƙari ba. A gwada daga farkon tafiya har ƙarshe, saboda tsakiya ta fi cinyewa, kuma abin da ya yi daidai a can yana iya cijewa a gefe. Bel ma yana kawo karkarwa. Idan ka danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar milimita 16 a kowace mita ta tazarar fuli biyu. Inda bel biyu ko uku ke aiki tare, a canza su gaba ɗaya.

Hannun gicciye yana juyawa kaɗan kafin wuƙa ta motsa. Laifi ne?

Kowane lat yana da wannan sako-sakon. Kamar milimita 0.1 ba abin damuwa ba ne, muddin kullum ta gefe ɗaya kake shigar da wuƙa: idan ka zarce, ja baya sosai ka sake shigowa. Wasu injina notinsu a tsage yake, ana iya matse shi. Idan abin ya kai rubu'in juyi, notin tagullar ya ƙare, kuma mai lat yana iya sassaƙa wa kansa sabo.

Zan iya cike shaf da walda yana ɗaure a cok, tunda ya fi sauƙin juyawa?

Kada ka yi, ko mai aikin yana tsaye yana gaggawa. Wutar walda tana neman hanyar komawa, kuma idan ta bi ta babban shaf za ta ratsa boris ta bar ƙananan ƙuna a jikin ƙwallaye da zobensu. Ba za ka gani a ranar ba, sai bayan watanni ka ji kan inji ya fara gurnani. Tartsatsin kuma yana manne wa gado. Haka miƙar da lanƙwasasshen shaf da guduma a cikin cok: kowane bugu a kan boris yake sauka. Boris na babban shaf, irin su Gamet da ke cikin injinan Colchester, suna da tsada ƙwarai kuma samunsu wahala ne.

Ta yaya zan san boris na kan inji yana lafiya?

Bayan kamar rabin awa yana gudu, ɗora tafin hannu a kan akwatin kusa da cok. Ɗumi daidai ne. Zafin da ba ka iya barin hannu a kai yana nufin an matse shi fiye da kima, ko mai ba ya isa gare shi. Idan kuma ka ɗora agogon awo a hancin shaf ka ɗaga shi da sanda allurar ta yi tsalle, ya saki. Ana matsewa da notin bayan shaf, amma kaɗan ƙwarai a kowane karo, a gudu a sake jin zafi.

Fin ɗin sandar tura sirdi ya karye. Na sa ƙusa a madadinsa, ya yi?

Cire ta yau. An yi wannan fin da ƙarfe mai laushi da gangan, domin idan sirdi ya ci karo da cok shi ya karye, giyoyi su tsira. Ƙusa ko noti mai tauri ba za su karye ba, haƙoran giya ne za su zube a madadinsu. Sassaƙa wani da irin ƙarfen na asali da kaurinsa. Sannan dogon sukurun tiredi a bar shi wa yankan tiredi kawai idan injin yana da sandar turawa daban, kuma kada a canza giya sai cok ya tsaya cak. Giyoyin gefe idan za a haɗa su, a sa 'yar takarda tsakanin haƙora a matse, a zare ta: tazarar da ta bari ita ake so.

Wutarmu ba ta da tabbas, wani lokaci janareta muke amfani da shi. Me zai kare moto?

Babban haɗari ga moto mai layi uku shi ne layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki. Zai ci gaba da juyawa yana gurnani a kan layi biyu, yana jan wuta fiye da ƙarfinsa, har koyil ya ƙone. Akwai 'yar na'urar da ke yanke wuta da zarar layi ya ɓace, kuɗinta bai kai na sake naɗin koyil ba. Na'urar kariya daga nauyi kuma a saita ta bisa lambar amfiya da ke farantin moto, kada a ɗaure fis da waya. Duk ranar da aka koma janareta ko aka taɓa wayoyi, a duba ta ina cok ke juyawa, domin musanya layi biyu yana juya moto baya, kuma a injinan da ke da famfon mai, famfon yana iya daina turawa. Jikin injin ya kasance da wayar ƙasa ta gaskiya.

Injin da ya fito daga Amurka an yi shi ne don wuta mai Hz 60, ta Najeriya da Nijar kuwa 50 ce. Zai yi aiki, amma gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida: inda farantin ya ce 1200, kusan 1000 za ka samu. Tiredi ba ya canzawa, tunda giya ke ƙayyade shi. Mai lantarki ya duba haɗin moton kafin a kunna, saboda wanda aka haɗa don volt 230 zai ƙone a kan 400.

Farin ruwan sanyaya ya fara wari.

Ƙwayoyin cuta ne suka samu wuri ƙarƙashin man gado da ke yawo a saman tanki. A riƙa kwashe man nan, a juye tankin a wanke idan warin ya kama. Wajen haɗawa, man ake zubawa a cikin ruwa ana motsawa, kamar kashi ɗaya cikin ashirin ko yadda aka rubuta a jarkar. Idan ya yi tsararo yana kawo tsatsa. Ruwa zalla ko ruwan omo kada su hau inji. Ƙarfen kas da tagulla ma a bushe ake sassaƙarsu.

Yaya ake gane gado ya cinye, kuma yana gyaruwa?

Kawo sirdi kusa da cok, inda aka fi aiki, ka ɗan matse makullinsa har ka ji ya fara kamawa, sannan ka tura shi wajen wutsiya. Idan ya cije tun kafin ya yi nisa, gaban gadon ya zaizaye. Wani lokaci farce ma yana jin gaɓar da cin ya bari. Irin wannan injin yana iya ci gaba da fitar da gajerun ayyuka masu kyau, bushin da fuli da makamantansu, a dogon shaf ne aibinsa ke fitowa. Gyaran gaskiya shi ne a wasa gadon gaba ɗaya a babban injin da aka yi don haka, sannan a liƙa wa ƙarƙashin sirdi abin ciko irin Turcite domin ya koma tsayinsa ya yi daidai da sukurun tiredi, a kankare shi da hannu har ya zauna. Aiki ne mai tsada, don haka mai sayen na hannu ya yi wannan gwajin kafin ya biya. Idan gadon mai gutsuren cirewa ne a gaban cok, a duba ko an taɓa cire shi. Wanda zai cire nasa ya goge mazauninsa tsaf kafin ya mayar, ya fara sa fin-fin ɗinsa kafin ya ɗaure notoci, in ba haka ba sirdi zai riƙa tuntuɓe a wurin.

Yaron shago zan bar wa wannan aikin, ko ni zan yi?

Yaro ya yi shara da zuba mai, ta nan ake sanin inji. Amma ka tsaya a kansa makonnin farko ka nuna masa kowane ramin mai, ka ware masa tsumman gado daban da na goge hannu. Matse gib, taɓa boris da daidaita gado naka ne. Ka rataya kwali a bango ana rubuta ranar juye da irin man da aka zuba. Kuma tun ranar farko ya san ba a goge inji yana juyawa, ba a barin makulli a cok, ba a tsayawa gabansa da riga mai faɗin hannu, safar hannu, zobe ko carbi a wuya.